Filin Amsa Tambayoyi: Tsohuwar A-kori-kura da Ciwon Famfon Mai

Wasiƙun da suka iso teburin nan a wannan karo sun haɗu a kan abu guda, wato famfon mai na tsofaffin motocin ɗaukar kaya. Na ware huɗu daga cikinsu na taƙaita, domin motocin da aka yi tambaya a kansu ba iri ɗaya ba ne, kuma amsar da ta dace da mai injekta za ta iya ɓatar da mai kafireto ko mai dizal.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux mai fetur, ƙirar 2001, mai injekta, wadda nake ɗauko doya da ita daga Lafiya zuwa Jos. Kusan wata biyu ke nan, idan na ɗora mata lodi na kama Hawan Kibo sai ta fara fizga, ƙarfinta ya ragu ko da na taka totur har ƙasa, wani lokaci ma ta mutu. Idan na tsaya na rabin awa sai ta tashi kamar ba ita ba. A cikin gari kuwa, in babu kaya, lafiyarta ƙalau. Bakanikena ya ce famfon mai ne, in kawo kuɗi a sayo. Ta yaya zan tabbatar kafin in kashe kuɗin?

Daga wani direba a Lafiya, Jihar Nasarawa.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Zaton bakanikenka bai yi nisa da gaskiya ba, domin abin da ka bayyana shi ne halin famfon da ya fara gajiya. Sai dai akwai wasu cututtuka uku ko huɗu da ke zuwa da irin wannan kama, kuma dukkansu sun fi famfo sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, saboda haka zan ɗan tsawaita a kan amsarka domin sauran masu irin motarka su amfana.

A motar da ke da injekta, famfon wani ɗan ƙaramin injin lantarki ne da ke zaune a cikin tanki, tsundum a cikin fetur. Yana zuƙo mai ta wata 'yar rariya mai laushi da ke bakinsa, ya tura shi ta bututu, ya bi ta filta, har ya isa layin da injektoci suke jere a kan inji. Ƙwaƙwalwar motar tana buɗe kowace injekta ne na ɗan lokacin da ta lissafa, bisa zaton cewa man yana nan a matse da ƙarfin da aka tsara masa. Idan ƙarfin ya ragu, injekta za ta buɗe yadda ta saba amma man da zai fita ba zai kai ba, sai iska ta rinjayi fetur a cikin silinda, ƙarfin inji ya ragu. A cikin gari ko a silo inji ba ya cin mai sosai, don haka ko gajiyayyen famfo yana iya ciyar da shi, kamar yadda famfon gida mai tsiyaya yake cika buta ba wanda ya lura da rauninsa sai ranar da aka kawo ganga. Lodin doya a kan Hawan Kibo shi ne gangar, shi ya sa a can kaɗai asirin yake tonuwa.

Batun hutun rabin awa kuwa, zafi ne. A cikin famfon akwai 'yan guntayen gawayi da ake kira burushi, waɗanda ke gogar sandar da ke juyawa suna ba ta wuta, kuma da tsufa sukan cinye, wurin da suke goga ya yi zabga. Fetur ɗin da ke ratsa famfon shi ne ruwan sanyinsa, shi ne kuma maiƙonsa. A irin motarka, man da inji bai ci ba yana komawa tanki da ɗuminsa, to idan ka wuce Akwanga da man da bai kai kwatan tanki ba, wannan ɗan man ne zai yi ta zagayawa yana ƙara zafi, ga shi a kan hawa yana tarewa a gefe guda, famfon ya riƙa haɗiyar iska. Da ya yi zafi sai ya rage gudu ko ya tsaya cak, da ya huce kuma sai ya dawo aiki, kai kuma ka ɗauka motar ce ta huta.

Akwai wasu alamomi da nake so ka bincika ko sun haɗu da waɗanda ka ambata. Lafiyayyen famfo yana yin ɗan gurnani ne a hankali, wanda sai an kasa kunne ake ji, amma wanda ya kusa mutuwa yakan yi wani siririn kuka mai tsini da ake ji daga bayan mota ko da inji yana aiki, kuma kukan yana ƙaruwa idan mai ya yi ƙasa. Idan motar ta kwana, ko ta yi awa biyu a tsaye, sitata za ta daɗe tana juyawa kafin inji ya kama, saboda ɗan bawul ɗin da ke hana mai komawa tanki ya saki, sai famfon ya sake cika layin daga farko. Idan ka zo wuce tirela ka taka totur da sauri, motar za ta yi kamar ta shaƙe kafin ta ɗauka, wani lokaci har ta yi tari ta wajen shigar iska, kuma idan aka kwance filogi za a ga bakinsa fari fat maimakon ruwan ƙasa. Baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur a salansa kuwa ba sa cikin wannan sahu, domin su alamar mai ya yi yawa ne, kuma wanda ya ɗora su a kan raunin famfo ya kauce hanya.

Ana yawan ba da shawarar a murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa a saurara ta bakin tanki, wai idan ba a ji famfo ya yi kuka na daƙiƙa biyu ba to ya mutu. Hakan gaskiya ne a motoci da yawa, amma tsofaffin Toyota da dama ba sa kunna famfo sai sitata ta fara juya inji, kuma na sha ganin an yanke wa lafiyayyen famfo hukunci saboda rashin sanin wannan. A waɗanda ke da 'yar akwatin gwaji a ƙarƙashin bonet, mai wayarin da ya san aikinsa yakan haɗa ramukan da aka rubuta wa Fp da +B da guntuwar waya bayan an murɗa makulli, famfon ya tashi ba tare da an tayar da inji ba, a nan ne za a ji muryarsa sosai.

Yanzu ga abin da za ka yi da kanka ranar da ta sake mutuwa, kuma dole ne a yi shi nan take tun kafin ta huce, bayan ka kauce daga kan titi ka sa waigi a taya. Ka fara lura da yadda ta mutu. Motar da mai ya yanke wa tana mutuwa ne da jan rai, ta yi fizga, ta ɗan farfaɗo idan ka sassauta ƙafa, sannan ta sake shaƙewa, alhali wadda wuta ta yanke wa, saboda kwayil ko abin da ke ba shi umarni ya yi zafi, tana ɗaukewa ne lokaci guda kamar an kashe makulli. Sai ka buɗe murfin tanki a hankali. Idan ka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, kuma motar ta tashi nan da nan, to hanyar numfashin tankin ce ta toshe, famfon yana ta kokawa da tankin da iska ba ta shiga, kuma gyaran wannan bai wuce wanke 'yar tiyo ko sauya murfi ba. Idan wannan bai nuna komai ba, ka sa yaron motarka ya bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ko guntun katako yayin da kake murɗa makulli. Tashin mota a daidai lokacin bugun shaida ce mai ƙarfi cewa burushin famfon ya cinye, ko kuma wata waya ta saki a kan tankin.

Sai kuma filta, wadda ita ce ya kamata a fara zargi kafin kowa. Filtar da ta toshe tana barin ɗan mai ya wuce, wanda ya isa yawon gari amma bai isa hawa ba, wato daidai abin da ka bayyana. Ka tambayi kanka yaushe rabon da a sauya ta, idan ba ka tuna ba to ka riga ka samu amsa. A cire ta, a juye man da ke cikinta ta bakin shiga a cikin farar kwalba, a bar shi ya natsu na 'yan mintuna. Idan ka ga jan gari kamar na bulo ya kwanta a ƙasa, tsatsar tanki ce, idan kuma ka ga wasu ƙwallaye masu sheƙi suna birgima a gindin kwalbar ba su gauraya da man ba, ruwa ne.

Hukunci na ƙarshe dai na geji ne. Akwai agogon auna ƙarfin turin mai da ake ɗaurawa a kan layin injekta, kuma garejin da ke karɓar motoci masu injekta ba shi da uzurin rashinsa. Idan injinka 3RZ-FE ne mai lita 2.7, kamar yadda nake zato daga shekarar motar, littafin Toyota ya sa ƙarfin tsakanin PSI (ma'aunin ƙarfin matsi) 38 da 44 idan famfo yana aiki inji a kashe, a silo ya ɗan sauka ƙasa da haka, kuma bayan an kashe inji kada allurar ta faɗi ƙasa da 21 cikin minti 5. Kada ka yarda da awon silo kaɗai, domin a silo ciwon ba ya nuna kansa. A taka totur da ƙarfi ana kallon allurar, wadda ya kamata ta ɗaga, idan ta nutse to mai ba ya isa. Mafi kyau ma a yi awon bayan motar ta yi tafiya ta ɗauki zafi. Kafin a taɓa tanki kuma, a auna wutar da ke isa ga famfon yana cikin aiki, wadda bai kamata ta gaza ta batir da fiye da rabin bolt ko kusa da haka ba, a duba fis da rile (makunnin da ke ba famfo wuta) da soket ɗin da ke kan tanki.

Ina nanata batun wuta ne saboda ya taɓa ci na. Shekarun baya akwai wata tsohuwar a-kori-kura a gidanmu da muka sauya wa famfo sau biyu cikin damina ɗaya a wani gareji, kowane karo ta yi mako biyu lafiya ta koma gidan jiya. Wani dattijo mai wayarin ne ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya fito riƙe da wata baƙar waya wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen motar, bakinta ya yi kore shar da tsatsa, saura zare uku ko huɗu suke riƙe da ita. Ya yanke, ya kankare ƙarfen har ya yi fari, ya ɗaure sabon baki, ciwon bai sake dawowa ba. Duk lokacin da aka sauke tanki ana motsa wayar ne ta ɗan kama, mu kuma mu ɗauka sabon famfo ne ya yi aiki.

Idan awo ya tabbatar famfon ne, to kada a tsaya a sauya shi kawai, domin sa sabon famfo a tanki mai datti kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A wanke tankin, a sa sabuwar rariya da sabuwar filta tare da famfon, kuma 'yar tiyon da ke cikin tanki ta zama irin wadda aka yi don zama a cikin fetur, saboda tiyo na yau da kullum yana kumbura ya fashe a ciki. A sayi famfon da ƙarfinsa ya dace da injin, ba duk wanda ya shiga ramin ba, kuma a nan araha ba ta ado. Wajen aikin a cire kan batir, a sauke matsin layin kafin a kwance shi, a yi a fili nesa da masu walda da masu shan taba.

Sauran maganar tana hannunka. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, direbobi da yawa sun koma zuba lita biyar ko goma suna yawo da jar fitila a kunne, kuma na san ba da son ransu ba ne, amma famfon cikin tanki ne ke biyan kuɗin wannan tsimi. Man da mota za ta ci a tafiya ba ya canzawa ko tankin na cike ko yana ƙasa, don haka idan ka daure ka kai shi rabi sau ɗaya, ka mayar da kwata ta zama ita ce ƙarshenka, abin da za ka riƙa zubawa kullum bai canza ba. Idan dole ta sa ka sayi man jarka wajen 'yan bumburutu, ka tace shi da tsabtataccen ƙyalle, kada kuma ka yarda a juye maka gindin jarkar. Ko man gidan mai ma ba kullum yake tsira ba, domin a watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, wanda ke cin roba yana kuma jan ruwa.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, tawa Peugeot 504 ce a-kori-kura mai kafireto, gadon mahaifina. Na lura baƙin mai yana ƙaruwa a geji maimakon ya ragu, kuma yana warin fetur. Ban da haka, da bazara idan na shiga cunkoso takan mutu, sai na jiƙa tsumma na ɗora a kan famfon mai kafin ta tashi. Abubuwan nan biyu suna da alaƙa?

Daga wani manomi a Funtuwa, Jihar Katsina.

AMSA

Allah ya jiƙan mahaifinka, Malam, ya kuma sa wa abin da ya bari albarka. Kafin komai, ka ajiye motar nan kada ka sake tayar da ita sai an gyara, domin alama ta farko da ka faɗa tana iya cinye maka inji gaba ɗaya.

Waɗannan motoci, da kamfanin Peugeot na Kaduna wanda ya fara aiki a 1975 ya daɗe yana harhaɗawa, famfonsu ba na lantarki ba ne. Yana manne ne a jikin inji, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawulolin inji, yana tura wani ɗan hannu, hannun yana ɗaga wata shimfiɗaɗɗiyar roba yana sauke ta kamar zugazugin maƙeri, bawul biyu kuma suna tabbatar da cewa mai gaba kawai yake yi. Ƙarfinsa kaɗan ne, bai cika wuce PSI 6 ba, domin aikinsa cika 'yar kwaryar kafireto ne kawai. To wannan roba ita ce katangar da ke tsakanin fetur da cikin inji, idan ta tsufa ta tsage sai fetur ya riƙa gangarawa ta ramin hannun ya gauraya da baƙin mai. Baƙin man da fetur ya tsinka ba ya riƙe maiƙo, ƙarafan da ke goguwa a kan kiranshaf, babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, za su cinye, ƙarshenta inji ya buga. Ka ɗiga man gejin a yatsa ka murza, za ka ji shi tsararo kamar ruwa. Ka duba kuma ƙasan famfon, inda akasari akwai ɗan rami, idan wurin a jiƙe yake da fetur magana ta ƙare. Abu ɗaya da zai iya kawo irin wannan ban da famfo shi ne kafireton da allurarsa ba ta rufewa, wanda ke ambaliya cikin silinda, amma shi yakan zo da baƙin hayaƙi da jiƙaƙƙen filogi. Ko wanne ne, bayan gyara wajibi ne a yi juye a sauya filtar baƙin mai.

Batun tsumma kuwa, ba camfi ba ne. Fetur haɗin sinadarai ne da wasunsu ke fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba, ga famfon manne da inji mai zafi, ga shi yana zuƙo mai daga nesa, a cunkoso kuma iska ba ta ratsa bonet. Sai man ya zama tururi a cikin famfon, shi kuwa ruwa ya iya turawa, tururi sai dai ya yi ta matsa shi a banza. Jiƙaƙƙen tsumma yana sanyaya famfon, sai tururin ya koma mai. Alaƙar da ke tsakanin matsalolinka biyu ita ce famfon da robarsa ta gaji ya fi saurin kasawa gaban tururi, don haka ina sa ran sabon famfo zai rage wannan ma. A duba ko ɗan faifan da ke raba famfo da jikin inji yana nan idan motar ta zo da shi, a kuma janye tiyon mai daga kusa da bakin salansa.

Gwajinsa mai sauƙi ne. Inji a sanyaye, a fili, a cire wayar da ke kai wuta kwayil, a zare tiyon da ke shiga kafireto a sa bakinsa a kwalba, a juya sitata na daƙiƙa goma. Lafiyayyen famfo zai riƙa feso mai da ƙarfi, bugu bayan bugu, gajiyayye kuwa sai ɗiga da kumfa. Roƙona gare ka shi ne kada ka bi sahun masu ɗaure galan a kan rufi ko a gefen direba su jawo tiyo zuwa kafireto, kada kuma ka zuƙi fetur da baki, domin kaɗan ya faɗa huhu yana iya kwantar da mutum asibiti. Idan wani ya ba ka shawarar sa famfon lantarki, sai mai ƙaramin ƙarfi da aka yi don kafireto, domin na motar injekta zai danne allurar kafireton, fetur ya malale a kan inji mai zafi.

TAMBAYA TA UKU

Ina da Hilux mai dizal, tsohon yayi, da direba ke kai mini hatsi kasuwannin ƙauye. Kullum da safe sai ya yi ta danna wani abu a kan filta kafin ta tashi, amma da ta tashi sai ta wuni lafiya. Ya ce babban famfon ne, a cire a kai wa masu saiti, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. In amince?

Daga wata 'yar kasuwa a Gusau, Jihar Zamfara.

AMSA

Hajiya, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kada ki amince tukuna. Tsofaffin injinan dizal na Hilux, irin su 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3.0, ba su da famfo a cikin tanki, babban famfon da ke jikin inji shi ne ke zuƙo mai da kansa. Ma'anar wannan ita ce layin da ya taso daga tanki a zuƙe yake, don haka ƙaramar tsaga a tiyo ko sakakkiyar ɗamara ba za ta zubar da mai a gani ba, iska za ta riƙa sha. Cikin dare iskar ta shiga, man ya sulale ya koma tanki, da safe sai an yi ta danna famfon hannu an dawo da shi. Sau da yawa ma shi kansa famfon hannun da ke kan filtar ne robarsa ta bushe take shigar da iskar. Babban famfon da ya lalace ba zai bar motar ta wuni lafiya da kaya ba.

Ki sa a yi gwaji biyu da kusan ba sa cin kuɗi. A sa guntun farin tiyo da ake ganin cikinsa tsakanin filta da babban famfo, a tayar da inji a duba ko kumfa na wucewa, da safe kuma a ga ko tiyon ya wayi gari babu mai. Sannan a kwana da motar a gangare, hancinta yana ƙasa tankin yana sama, idan ta tashi da bugu ɗaya to an kama ɓarawon. Idan wahalar tashin ta fi yawa da sanyin hunturu, tana kuma fitar da farin hayaƙi kafin ta daidaita, a duba hitocin da ke ɗumama silinda.

Ciwon babban famfo na gaske kamarsa daban ce. Motar takan ƙi tashi ne idan ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce, silo ya riƙa hawa da sauka, ƙarfi ya ragu ko da an sa sabuwar filta, ko a ga dizal yana tsattsafowa daga jikin famfon. Abin da ke kashe shi kuwa ruwa ne da man da aka sirka da kananzir, saboda dizal ɗin ne maiƙon ƙarafansa, waɗanda aka sassaƙa da matsewar da ta fi silin gashi siranta. A ƙasan filtar akwai makunnin zubar da ruwa, ki umarci direban ya riƙa buɗe shi lokaci lokaci, ba sai fitilar gargaɗi ta kama ba. Idan har ta kai ga cirewa, a kai inda ke da injin gwaji, kada a buɗe shi a kan tabarma cikin ƙura, kuma kada kowa ya laluba yoyon bututun nozul, wato abin da ke fesa dizal cikin inji, da hannu inji yana aiki, domin ƙarfin man yana huda fata.

TAMBAYA TA HUƊU

Ni ɗan koyo ne a gareji. Maigidana yakan gwada famfon cikin tanki ne ta hanyar ɗosana wayoyinsa a kan batir, idan ya juya sai ya ce lafiyarsa ƙalau. Amma sau biyu muna mayarwa motar ta dawo. Wannan gwajin ya isa?

Daga wani matashi a Kano.

AMSA

Bai isa ba, ɗana, kuma idonka ya gani daidai. Gwajin batir yana nuna cewa famfon yana juyawa ne kawai, alhali famfon da cikinsa ya cinye zai yi ta juyawa da kuka mai daɗi a hannu, amma da an sa shi tura mai a matsattsen layi sai ya gaza. Juya shi a bushe fiye da 'yan daƙiƙu ma ɓata shi yake yi, ga kuma tartsatsin da ke tashi a kan batir kusa da famfon da fetur ke ɗiga daga jikinsa, wanda ya isa ya tayar da gobara.

Ba na ba ka shawarar ka yi wa maigidanka gyara a gaban mai mota. Ka bari sai kun zauna cin abinci, ka ce masa ka ji ana maganar agogon auna ƙarfin mai, kana so ya nuna maka yadda ake ɗaura shi. Idan babu a garejin, a aro na maƙwabta a gwada a kan ɗaya daga cikin motocin nan biyu da suka dawo, a rubuta abin da allura ta nuna a silo, da lokacin da aka taka totur, da kuma minti 5 bayan an kashe inji. Ka aiko mini da lambobin uku tare da sunan injin, zan gaya maka abin da suke nufi a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.